Na gama Final Fantasy VII sunaye sun cika min sikirin, in kashe wayar ne?

Tambaya daga wani matashi a Mabera, Sakkwato: Salam Malam, don Allah na kashe bos ɗin ƙarshe a Final Fantasy VII a Android ɗina, anka nuna bidiyo sai kuma sunaye sunka fara hawa sama, na danna ko'ina sun ƙi tafiya ga waya ta ɗau zafi ga caji saura kaɗan. Hangin ta yi ko bairos ne? In na kashe akwai abin da zan rasa?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari don wanga gem ba ƙarami ba ne. Wayarka lafiyarta lau, babu hangin babu bairos. Abin da ka gani jerin sunayen waɗanda sunka yi gem ɗin ne, irin wanda ake sawa a ƙarshen fim ɗin Hausa lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalmi, sai dai a gem na labari irin wannan wanda ya miƙe da wuri shi ke asara.

Ga dalili. Kamfanin Square na Japan ya fitar da shi a 1997 a PlayStation, kuma bayan sunaye sun ƙare akwai wani ɗan bidiyo da sunka ajiye. Za a rubuta maka cewa shekara 500 sun wuce, sai ka ga Red XIII, jan dabban nan mai wuta a wutsiya, yana gudu da 'ya'yansa biyu har su hau kan dutse su leƙo birnin Midgar, birnin ƙarfe da hayaƙi da ka fara wasan a cikinsa, duk ciyawa da itatuwa sun rufe shi, daga nan sai ka ji dariyar yara. Har yau masu son wasan suna gardama a kan me wannan dariya ke nufi, shin mutane sun tsira ko sun ƙare. Ni dai a wajena wanda bai ga wurin nan ba bai gama Final Fantasy VII ba, ko da ya kashe Sephiroth, bos ɗin ƙarshe.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, a Final Fantasy X na 2001 ma sai bayan sunaye ake nuna Tidus, jarumin wasan, ya farka a cikin ruwa yana iyo zuwa sama. A Pokémon Gold da Silver na 1999 kuwa abin ya fi haka, sunaye na wucewa sai a buɗe maka yankin Kanto gaba ɗaya da wasu shugabanni takwas da za ka kara da su, wato mutum zai iya ajiye gem yana ganin ya gama alhali da sauran tafiya mai nisa. Wanda ya fi taɓa min zuciya NieR: Automata ne na 2017, wanda labarinsa ke iya ƙarewa ta hanyoyi da yawa, a ƙarshensa na biyar sunayen da kansu suke zama abokan gaba kana harbinsu suna harbinka, in sun fi ƙarfinka sai a kawo maka ɗauki da sunan wasu 'yan wasa da sunka yarda a goge sebin ɗinsu duka, wato ajiyar inda sunka kai a wasan, don su taimaki wanda ba su sani ba, kai ma a ƙarshe a tambaye ka ko za ka yi haka.

Batun sun ƙi tafiya kuma, masu gem ne ke zaɓa, wasu suna bari ka tsallake wasu ba sa bari musamman a karon farko. Ni ban ga laifinsu ba wallahi. A da kamfanin Atari ba ya sa sunan ma'aikatansa, har sai da Warren Robinett ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na sirri cikin gem ɗin Adventure wajen 1980 don dai a san shi ya yi. Mutane sun ɓata shekaru suna zane da kiɗa da rubuta labari, kiɗan da ke tashi ƙarƙashin sunayen nan ma na Nobuo Uematsu ne, 'yan mintuna ba su yi yawa ba.

To me za ka rasa in ka kashe? Sebin ɗinka yana nan inda ka yi shi na ƙarshe kafin bos, ba abin da zai same shi, amma in kana son ganin bidiyon Red XIII a wayarka sai ka sake wannan faɗan tun daga can. A wasu gem ɗin kuma sai bayan sunaye ake tambayarka ka yi sebin da zai buɗe sabon zagaye, to can kam kashewa hasara ce.

Don haka in ka koma, kafin ka shiga faɗan ƙarshe ka cika caji ko ka aje fawa banki kusa, ka cire wa wayar riga saboda zafin garin nan, ka rage hasken sikirin, ka sa ta yanayin jirgin sama kada kira ya katse ka tunda wurin ba ya buƙatar data, yana cikin gem ɗin da ka sauke. Sai ka sa iyafis ka bar sunayen su wuce har ƙarshe.