Karayar ta warke amma ƙugu ya ɗauka, me ya haɗa su?

Tambaya: Salam likita. Na yi hatsarin babur na karye a ƙwauri na dama, aka min ɗorin gida. Yanzu ina takawa amma da ɗan ɗingishi, sai kuma ciwon baya ya taso min wajen ƙugu, da yamma ya fi tsanani. Ni bayana bai bugu ba, to me ya kawo shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba sai baya ya bugu ba malam, tafiyarka ce ta canza. Mai ɗingishi ba ya yarda ya daɗe a kan ƙafar da ke ciwo, yana takawa sai ya yi maza ya jefa nauyin kan ɗayar, kafaɗa ta karkata, ƙugu ya riƙa lilo gefe guda, to tsokokin ƙasan baya su ke biyan wannan bashin a kowane taku, shi ya sa da safe lafiya lau, zuwa la'asar sun gaji. Ga kuma tsokar gefen ɗuwawu, wadda aikinta ta riƙe ƙugu daidai in ka tsaya da ƙafa ɗaya, 'yan makonnin kwanciyar jinya sun isa ta yi laushi. Kuma jiki yana sabawa, ciwon ƙafar ya tafi amma ɗingishin ya zauna.

Tunda ɗorin gida ne, ni abin da zan fara dubawa tsawon ƙafafun. In ƙashi ya haɗe a karkace ko ya hau kan juna ƙafar na gajarcewa, bambancin da ya kai santimita 2 kuwa yakan nuna a tafiya. A yi hoto a auna, in haka ne ƙarin tsayi a takalmin kawai na iya sauƙaƙa maka sosai. Sannan ka ga likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi da tsokoki ta hanyar motsa jiki, ya sassauta idon sawun, ya ƙarfafa ɗuwawun, ya gyara takun. In kana dogara sanda riƙe ta a hagu, ba ɓangaren karayar ba, nan mutane da yawa ke kuskure. Maganin ciwon nan diclofenac da ake sha kullum kuma a yi hattara, yana taɓa ciki da ƙoda.

Amma in ka ji ƙafa na mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya dena jin taɓi, ko fitsari da bayan gida sun fara kufce maka, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar.