Masarar rani: in jari bai kai ba, rage fili, kada ka rage taki

Wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya aiko da tambaya. Zai zuba jari a masarar rani, hekta 2 a wajen Kura, sai manomin da zai riƙe masa gonar ya ce a sayo taki buhu 22. Shin ba a zuzuta ba? Zai iya sayen rabi?

Alhaji, manomin nan bai cuce ka ba. Shawarar masana na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ita ce kowace hekta ta sami kilo 120 na naitrojin, 60 na fosfaros, 60 na fotash. A buhu mai kilo 50, wannan ya kama kamfa 15-15-15 (takin da ya haɗa sinadaran nan uku) buhu 8 da yuriya (mai naitrojin kaɗai) kusan buhu 3. Ninka biyu ka gani.

In kuɗin bai kai ba, noma hekta ɗaya ka ciyar da ita sosai. Hayar fili, huɗa, iri, man injin ban ruwa da kuɗin 'yan ƙwadago, duk sai ka biya su cif, ko masara ta ƙoshi ko ta kwana da yunwa. Ingantaccen iri kuwa ci gare shi. Ka tauye masa taki, sai ka ga ganyen ƙasa ya fara zama ruwan ɗorawa daga baki, goyon ya fito ƙanana, kan bai cika ba.

Inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne wajen zubawa. Kamfa a sa shi lokacin shuka ko cikin sati biyun farko. Yuriya sai masara ta kai gwiwa, wajen sati 4 zuwa 6. A tona a binne ɗan nesa da gindi, ƙasa da danshi. Yuriyar da aka watsa a sarari cikin zafin rana, iska ce ke shan rabonta. Wadda aka bi da ambaliyar ban ruwa kuma ta nutse inda saiwa ba ta kaiwa. Ranar zubawa ka je da kanka ko ka tura yaronka, a ƙirga buhunan da aka farke.

Sayen ma da kanka, wurin dila sananne, ka duba ɗinkin buhu, don gauraye ya yi yawa a kasuwa. In ana samun kashin kaji kusa, a zuba tun wajen gyaran fili. Ka kuma ware kuɗin maganin tsutsa tun yanzu, kada ranar da ta faɗo a taɓa na yuriya.