Fankar lagireto ta ƙi juyawa: abin da za a gwada kafin a kashe kuɗi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, yawancin saƙonnin da ke zuwa wannan fili a kan fankar lagireto suke. Ga amsar wasu daga ciki.

Wani mai karatu daga Ƙofar Ƙaura ya rubuto: "Assalamu alaikum. Tsohuwar Honda Accord gare ni. In ina gudu a hanyar Kano allurar zafi ba ta motsi, amma da na shiga cunkoson kasuwa sai ta fara hawa. Na duba, fanka ba ta juyawa. Mai riwaya ya ce in sayi sabuwa. In saya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Dakata tukuna. A kan babbar hanya iskar gudu ce ke sanyaya lagireto, a cunkoso kuwa aikin fanka ne, don haka ka gano inda matsalar take. Sai dai rashin juyawar fanka ba shi ke nuna ta mutu ba. Tsakaninta da batir akwai fiyus, da rile (ɗan akwatin da ke haɗa mata wuta), da suwic ɗin zafi, da wayoyi, kuma kowannensu bai kai kuɗin fanka ba.

Kafin komai, kada hannu ko bakin riga ya kusanci fukafukan, domin fanka na iya tashi da kanta, a wasu motocin ko an zare makulli. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi da zafi.

Ka tada mota ka kunna esi. A yawancin motoci fanka na tashi tare da shi, matuƙar akwai gas a ciki. In ta tashi, to motar fankar, wato injin lantarkin da ke juya ta, lafiya take, sai a koma ɓangaren suwic ɗin zafi. In ba ta tashi ba, a cire soket ɗinta a ba ta wuta kai tsaye daga batir, da waya mai kauri wadda aka sa wa fiyus na amfiya 30. Ta juya da ƙarfi? To ba ita ba ce. In ta yi shiru, ko sai an ƙwanƙwasa bayanta take tashi, buroshinta ya cinye. Mai riwayan da bai yi wannan gwajin a gabanka ba bai isa ya tura ka kasuwa ba.

Fiyus ɗin yana akwatin da ke cikin bonet, galibi amfiya 20 zuwa 40, kuma an zana wurinsa a bayan murfin. A gwada shi da ƙwan gwaji ta ƙafafu biyu, domin wani tsagewar ido ba ya ganinta. Rile kuwa hanya mafi sauƙi ita ce a musanya shi da irinsa sak da ke cikin akwatin, sau da yawa na hon. Jin "ƙyas" ɗinsa ba hujja ba ne: yana iya yin ƙara alhali bakin da ke wuce da wutar ya ƙone. Da mita, ƙafa 85 da 86 za su ba da om 50 zuwa 120, sannan in an ba su wuta, 30 da 87 su haɗe. A ƙananan rile na motocin Japan lambobin su ne 1 da 2, sai 3 da 5.

Suwic ɗin zafi a tsofaffin Honda mai waya biyu ne, a jikin gidan tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya yi zafi), yana haɗa wuta in ruwa ya kai wajen digiri 93. A cire soket ɗinsa, a haɗa bakin biyu da guntuwar waya, a murɗa makulli. In fanka ta tashi, suwic ne ya mutu. A tsofaffin Toyota Corolla abin a juye yake, cire soket ɗin kawai shi ke tada fanka. Sababbin motoci ba su da wannan suwic, sensa ce ke aika wa ƙwaƙwalwar mota labarin zafi, ita kuma ta umarci rile. Sensa ba a haɗe bakinta, aunawa ake yi: om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, wajen 300 a digiri 80. A nan garin, injin da ya wuni a rana yana iya nuna wajen 1,200 ko ba a tada shi ba, kada wannan ya sa a jefar da sensa mai kyau. Kuma a duba ruwa in injin ya huce. Suwic ko sensar da ruwa bai rufe ta ba ƙarya za ta faɗa.

In duk waɗannan sun fita, saura wayoyi. A nemi soket da ya yi baƙi ko ya narke, da wayar as (ta nagatif) da ke ɗaure a jikin bodi wadda tsatsa ko ƙurar hunturu ta ci. Mita na iya nuna bolt 12 a soket ɗin da aka cire, amma da an ɗora masa nauyin fanka wutar ta zube. Saboda haka a auna fanka na haɗe tana aiki. In abin da ke isa gare ta ya gaza na kan batir da fiye da rabin bolt, akwai haɗin da ya lalace a hanya.

Wani direban haya mai Golf 3 da ke jigila tsakanin Daura da Mai'aduwa ya tambaya: "Abokan aiki sun ce in cire tamostat, in sa a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai tsarin Turawa na ƙasar sanyi ne. Yaya kuka gani?"

Malam direba, ba mu goyon baya, ko da yake mun san rabin motocin tasha haka suke. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100, ko a Jamus ko a Daura. In ya kasa kai wannan zafin, musamman da asubahin hunturu, ƙwaƙwalwar mota za ta ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tada shi. Fetur ya tafi, filogi ya yi baƙi, ragowar man ya sauka ya tsinka baƙin mai. Ita kuma fankar, buroshin da aka yi don aikin mintoci ya koma aikin wuni guda, ga nauyi a kan otaneta. A kan titi kana gudu ba abin da take ƙara maka.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake haɗin. Sau da yawa siririyar waya ake jawowa daga makulli, babu rile babu fiyus, ta bi ta gefen injin. Irin wannan ne ke narkar da soket ɗin makulli, wani lokaci har gobara. Kuma in asalin ciwon toshewar lagireto ne, ko murfin da ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa, dairek ɓoye shi kawai zai yi har ranar da gasket zai ƙone.

Suwic ɗin Golf 3 yana jikin lagireto, mai ƙafa uku, gudu na farko a wajen digiri 95, na biyu bayan an haura 100. Sayensa ya fi arha a kan abin da za ka ƙona na mai. In ya mutu maka a hanya, a yi dairek ɗin ta cikin rile da fiyus don ka kai fasinja, kana isa gari a mayar.

Wata Hajiya daga Ƙofar Marusa ta ce fiyus ɗin fankarta na amfiya 30 ya ƙone sau da dama, an ba ta shawarar sa na 40.

Hajiya, kada ki yarda, balle a naɗa masa zaren waya. Fiyus waya yake karewa, in an ƙara masa girma wayar ce za ta ƙone a madadinsa. Ki lura da lokacin da yake tsinkewa. In nan take ne, waya ta goge tana taɓa bodi, ko cikin fankar ya haɗe. In sai ta yi mintoci tana juyawa, motar fankar ce ta yi nauyi. A zare makulli a cire soket a juya ta da hannu: in tana cijewa ko tana gurzawa, boris ya tafi. Fanka ɗaya ta ƙaramar mota takan ja amfiya 8 zuwa 15, mita mai maƙalawa a waya za ta nuna. A wannan halin sayen fanka ya zama dole.

Tambaya ta ƙarshe daga Ƙofar Ƙwaya take: "An tabbatar tawa ta mutu. Sabuwa mai arha zan saya ko 'yar Beljiyam?"

Alhaji, in za a samu ta asali 'yar Beljiyam mai lafiya, mun fi son ta a kan sabuwar da ba ta da suna, wadda takan zo da siririn nadi da iska kaɗan. Amma da sharaɗin gwaji, ko a nan Katsina ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka tafi da tsohuwar a hannu. A daidaita soket, yawan wayoyi, wuraren ɗauri da faɗin fukafukai. A ɗora ta a batir ta yi mintoci, ba daƙiƙa biyu ba: ta tashi nan take ba tare da an tura ta ba, babu kuka, babu rawa, bayanta bai yi zafin da hannu zai kasa taɓawa ba. Ka girgiza tsakiyarta, in tana wasa ka ajiye. Fiffike ɗaya mai tsaga ya isa ya kashe boris. Ka sayo ta da gidanta na roba, domin shi ke tilasta iska ta ratsa lagireto maimakon ta zagaye shi.

Masu Peugeot 406 da 307 su lura: in fanka ba ta tashi sai allura ta yi sama, sannan ta tashi da ruri, galibi rezisto ko rilen ƙaramin gudu ne ya ƙone, ba fankar ba. Fankokin sababbin motoci masu ƙaramin akwatin lantarki a jiki kuma ba a gwada su da batir kawai, sai an nemi mai lamba iri ɗaya, a yi magana da mai shago cewa za a dawo da ita in ba ta yi ba.

Bayan an ɗaura, a tada ta a riƙe takarda a gaban lagireto. In ta manne, iska na shiga ciki yadda ya kamata. In tana turo ta waje, an juya wayoyin biyu, a musanya su.