Ina Zan Samo Alƙaluman Girman Kamfanonin Jana'iza a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin nazarin kasuwanci, kuma aikin bincikena a kan kamfanonin hidimar jana'iza ne a Amurka. Ina son in san yawansu, da girman kowanne, da adadin mamatan da suke yi wa hidima a shekara. Na yi ta lalube a intanet, duk inda na shiga sai a ce in biya kuɗi in sayi rahoto, kuma alƙaluman da nake gani ba sa jituwa da juna. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumussalam Malama. Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da abin da zai rage miki wahala: babu wani kundi guda da za ki buɗe ki tarar da sunan kowane kamfani da adadin mamatan da ya karɓa. Mafi yawansu na iyalai ne, an gaje su kaka da kakanni, kuma babu dokar da ta tilasta musu bayyana cinikinsu ga jama'a. Hoton da kike nema haɗa shi ake yi daga wurare huɗu ko biyar, kuma abin farin ciki kusan dukkansu kyauta ne.

Ki fara da mutuwa, ba da kamfanoni ba. Wannan sana'a ta bambanta da sauran sana'o'i ta fuska ɗaya: talla ba ta ƙara yawan masu buƙata. Iyakar kasuwar ita ce adadin waɗanda suka rasu, kuma wannan adadi shi ne mafi inganci a duk abin da za ki tattara, domin kowace rasuwa sai an yi mata takardar shaida. Cibiyar ƙididdigar lafiya da ke ƙarƙashin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana wallafa shi kowace shekara, kuma rumbunta mai suna CDC WONDER zai ba ki shi jiha-jiha har zuwa gunduma. A 2019 mutum kimanin miliyan 2.85 suka rasu a ƙasar. A 2021, lokacin da annobar korona ta yi tsanani, adadin ya kai kimanin miliyan 3.46, sannan ya sauko zuwa wajen miliyan 3.1 a 2023. Ki lura da wannan sosai. Wanda ya ɗauki 2021 a matsayin ma'auni zai kumbura kasuwar, wanda kuma ya kwatanta ta da 2023 zai ɗauka sana'ar ce ke durƙushewa, alhali komawa ta yi kan turbarta.

Daga nan sai yawan kamfanonin. Mabuɗin shi ne lamba 812210 a tsarin rarraba sana'o'i na NAICS, wadda ta kamfanonin jana'iza ce. Maƙabartu da wuraren ƙona gawa suna ƙarƙashin 812220, kada ki cakuɗa su. Da wannan lamba za ki shiga shafin Hukumar Ƙidaya ta Amurka ki nemi abubuwa biyu. Na farko County Business Patterns, mai fitowa duk shekara, wanda ke nuna yawan wuraren sana'a a kowace gunduma, da ma'aikatansu, da jimillar albashin da aka biya, kuma ya kasa su rukuni-rukuni gwargwadon yawan ma'aikata. A nan ne za ki ga girman da kike tambaya, za ki kuma ga cewa galibinsu ƙanana ne ƙwarai. Na biyu ƙidayar tattalin arziki, wadda ake yi duk shekara biyar, a shekarun da suka ƙare da 2 ko 7, kamar 2017 da 2022. Ita ce ke kawo kuɗin shiga, da kason da manyan kamfanoni suka riƙe a kasuwa.

Yanzu ga dalilin saɓanin da ya dame ki. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NFDA, wadda aka kafa a 1882, a 'yan shekarun baya takan ce akwai gidajen jana'iza wajen 19,000. Adadin Hukumar Ƙidaya yakan fito ƙasa da haka. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da suke ƙirgawa ne ya bambanta. Hukumar tana lissafa wuraren da ke da ma'aikata masu albashi ne a rahoton County Business Patterns, mutumin da ke aiki shi kaɗai yana wani lissafin daban. Akwai kuma bambanci tsakanin wurin sana'a da kamfani: iyali ɗaya na iya mallakar rassa biyar a garuruwa biyar, a wani jadawalin su biyar ne, a wani kuma ɗaya. Duk alƙalumin da ya zo hannunki, kafin ki kwafe shi, ki tambayi kanki me aka ƙirga, gini ne, ko lasisi, ko mai mallaka.

Batun adadin hidima kuwa, 'yan sana'ar suna kiran kowane mamaci da aka kira su ɗauka da kalmar call, don haka in za ki yi bincike da Turanci ki rubuta call volume. Ki gwada wannan lissafi: raba miliyan 3.1 da 19,000, za ki samu wajen 160 ga kowane gida a shekara. Ita kuwa NFDA ta daɗe tana ambata kimanin 113 a matsayin na matsakaicin mambanta. Wannan tazara kanta darasi ce. 'Yan manyan kamfanoni a birane suna karɓar ɗaruruwa, wasu ma dubbai, sai su ja matsakaicin sama, yayin da gidan jana'iza na ƙaramin gari bai fi ya yi hidima ɗaya ko biyu a mako ba. Ni dai ban cika yarda da matsakaici a wannan fanni ba. Rabon rukuni-rukuni ya fi faɗin gaskiya.

Wurin da za ki sami bayani dalla-dalla shi ne kamfanonin da ke sayar da hannun jari, domin doka ta wajabta musu miƙa rahoton shekara mai suna 10-K ga hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, kuma kowa na iya karanta shi kyauta a rumbunta mai suna EDGAR. Mafi girmansu shi ne Service Corporation International da ke Houston a jihar Texas, mai gidajen jana'iza kusan 1,500 da maƙabartu kusan 500 a Amurka da Kanada, wanda kuɗin shigarsa ya ɗan haura dala biliyan 4 a 2023. Akwai kuma Carriage Services, shi ma a Houston. Rahotanninsu suna faɗin yawan hidimar da aka yi da matsakaicin kuɗin kowace hidima. Sai dai a nan akwai tarko biyu. Ɗaya, suna sayar da hidima tun mutum na raye, ya biya kafin lokaci ya yi, kuma wannan ciniki daban yake da hidimar da aka riga aka gudanar. Biyu, waɗannan manyan ba su wakiltar sauran, tunda kasuwar mafi yawanta tana hannun ƙananan masu zaman kansu.

Kada kuma ki ɗauka yawan hidima shi ne yawan kuɗi. Tun 2015 ƙona gawa ya zarce binnewa a Amurka, yanzu ya kai wajen kashi 60 cikin ɗari, kuma kuɗinsa bai kai na binnewa ba. Saboda haka kamfani na iya karɓar mamata fiye da na bara amma cinikinsa ya ragu. NFDA da ƙungiyar masu sana'ar ƙona gawa, CANA, suna fitar da wannan kaso duk shekara, kuma ya bambanta matuƙa daga jiha zuwa jiha. Farashin kowane gida kuwa ba sirri ba ne: dokar hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, da ta fara aiki a 1984 ta wajabta a ba duk wanda ya zo ya tambaya takardar jerin farashi.

Idan kamfani guda kike son aunawa, sai an zauna an yi aikin hannu. A ce, a misali, gunduma ce da mutum 1,200 suka rasu a shekara, kuma hukumar ba da lasisi ta jihar ta nuna gidajen jana'iza shida a cikinta. Ki buɗe shafin kowannensu, ki ƙirga sanarwar rasuwa ta wata goma sha biyu cur, ba wata ɗaya ki ninka ba, domin mutuwa ta fi yawa a lokacin sanyi. In jimillarki ta tsaya a 900, sauran 300 ɗin su ne tambayarki ta gaba. Wasu iyalan ba sa fitar da sanarwa, musamman waɗanda suka zaɓi ƙonawa ba tare da taro ba. Wasu kuma sun kai nasu maƙwabciyar gunduma. Ki tuna ma cewa CDC WONDER tana jingina mamaci ga gundumar da yake zaune, ba inda ya cika ba. Abin da kika ƙirgo shi ne mafi ƙarancin adadi, kuma haka za ki rubuta shi a rahotonki.

Wata hanya da ɗalibai ke rainawa ita ce tambayar masu sana'ar kai tsaye. Ki rubuta musu cikin ladabi, ki bayyana manufarki, ki yi alƙawarin ɓoye sunansu, ki kuma nemi su zaɓi rukuni, kamar ƙasa da 100 ko tsakanin 100 da 250, maimakon ainihin lamba. Mutane ne da kullum suke tare da masu jimami, kuma kowace lamba a littafinsu ɗan wani ne ko uwar wani. In sun ga kin fahimci haka, sun fi sakin jiki su amsa.

Rahotannin sayarwa irin na kamfanin binciken kasuwa IBISWorld kuwa, kafin ki kashe ko kwabo ki tambayi ɗakin karatun jami'arku, domin jami'o'i da dama sun riga sun biya wa ɗalibansu. In kin samu, ki fara duba inda suka faɗi tushen alƙalumansu, sannan ki gwada su da naki lissafin na mutuwa da yawan kamfanoni.