Kwat ɗin Sherlock a gidan tarihi: me ya kai shi can?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa za a killace rigar ɗan wasan talabijin a gidan tarihi alhali ba ta tsufa ba, kuma yaya ake hana ta lalacewa.

Ɗauki dogon kwat ɗin ulu na kamfanin Belstaff da Benedict Cumberbatch ya sa a shirin Sherlock na BBC, wanda aka fara nunawa a 2010. Gidan tarihin birnin Landan ya baje shi a baje-kolin Sherlock Holmes daga Oktoban 2014 zuwa Afrilun 2015. In ka matso za ka ga an zagaye kafar maɓallin da ke wuyan kwat ɗin da jan zare. Masu kallon shirin na gane shi daga nesa, ko ba su ga fuskar mai shi ba. Ni dai a ganina wannan ya isa dalili: Sherlock Holmes, mai binciken laifi na cikin labari da marubuci Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro a 1887, ya samu sabuwar kama a idon miliyoyin mutane, kuma kwat ɗin shaida ne.

Adanawar ce ke da wuya. Ulu abincin asu ne, don haka ana daskarar da tufa a injin sanyi kafin ta shiga ma'aji, a kashe ƙwan ƙwari. Haske na kodar da launi, shi ya sa ɗakunan tufafi suke duhu-duhu. Ba a rataye kwat mai nauyi a ƙugiya, kafaɗunsa za su saki. Sai a ɗinka wa mutum-mutumi matashi daidai jikin rigar, a sa masa ita.