Amsar Baffa Game da Littafin Tara Kalmomin Turanci

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso gare ni, inda kake tambaya ko al'adarmu ta dā, ta ajiye ɗan littafi domin tara kalmomin Turanci, tana da sauran amfani yanzu da ƙamus ya shiga wayar kowa, har ka ce ka gwada amma kalmomin ba sa zama a kanka. Al'adar tana da amfani har gobe, sai dai ina zaton ba yadda aka koya mana kake yin ta ba.

A zamaninmu malami ba ya yarda ka rubuta kalma ita kaɗai. Idan ka tsinci suna ko aikatau, wajibi ne ka nemo sifar da ake cirowa daga gare shi ka rubuta a gefe, sannan ka ja layi a ƙarƙashin ɗafa-ƙeya, wato 'yan haruffan da aka liƙa a ƙarshen kalmar. Dalili kuwa shi ne irin waɗannan ɗafe-ɗafe ba su da yawa, amma kalmomin da suke haifarwa ba su ƙirguwa.

Ka fara da -ful da -less, domin Bahaushe ya riga ya san aikinsu, aikin "mai" da "maras" suke yi. Wanda ya san use ya mallaki useful da useless, wanda ya san care ya mallaki careful da careless, haka harm da hope. Na kan yi mamakin yadda manyan ma'aikata suke ninka harafin ƙarshe na -ful, alhali guda ɗaya ne tak. Shi kuwa -able, abin da muke nufi da wankuwa da karantuwa da fasuwa shi yake nunawa, shi ya sa ake cewa washable da readable da breakable. Yana da ɗan'uwa, -ible, wanda za ka gane shi da cewa sau da yawa idan ka cire shi abin da ya rage ba cikakkiyar kalma ba ce, kamar a visible da possible. Sai -ish, wanda a kan launi yake rage ƙarfi kamar yadda muke cewa ja-ja ko fari-fari, reddish da whitish ke nan, amma idan ya hau kan mutum sau da yawa zargi ne, domin childish ba yabo ba ne.

Su -ful da -less da -ish, tare da -y na rainy da dusty, gadon tsohon Turanci ne. Amma bayan mutanen Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmominsa da na Latin suka yi ta kwarara cikin Turanci, suka zo da -ous da -ive da -al da shi kansa -able. Irin su dangerous da creative da national su ne suka cika jaridu da takardun jarrabawa, don haka su suka fi cancantar ka ɓata musu lokaci. Wajen liƙa ɗafi kuma rubutu yakan sauya: fame yana zubar da wasalinsa na ƙarshe ya zama famous, amma courage yana riƙe nasa a courageous domin kada furucin harafin g ya canza, beauty kuma yana mayar da y zuwa i a beautiful.

Duk da haka kada ka saki jiki da ɗafi har ka daina duba ƙamus, domin yana yaudara. Priceless ba abu maras daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Economic ya shafi tattalin arziki, economical kuwa tsimi ne da rashin almubazzaranci. Friendly da lovely sifofi ne, ko da yake -ly ya fi yawa a kan bayanau, wato kalmomin da suke bayyana yadda aka yi aiki. Wanda ya fi kunyata ɗalibai shi ne bambancin -ed da -ing, domin mai cewa "I am bored" yana nufin abin ya gundure shi, mai cewa "I am boring" kuwa ya shaida wa jama'a cewa shi ne yake gundurar su.

Saboda haka ka raba kowane shafi gida uku, ɗaya na tushen kalma, ɗaya na sifofin da ka tabbatar a ƙamus, na ukun kuma na jimlar da ka gina da kanka. Idan ka zo hutu ka taho mini da littafin in duba. Ka gaishe mini da mahaifinka da mutanen gida.

Baffanka.