Amsa: Rajistar keken guragu mai ɗaga kujera da kishingiɗa

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce a garejinka na walda a Kofar Ruwa ka ƙera keken guragu da kujerarsa ke ɗagawa sama kuma tana kishingiɗawa baya, kana tambaya ko za a ba ka shaidar mallakar ƙirƙira da yadda ake binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce. Allah ya sa albarka, domin kishingiɗar nan tana rage gyambon da dogon zama ke jawo wa masu ciwon laka.

Da farko dai don Allah kar ka sa bidiyonsa a TikTok ko Facebook kafin ka shigar da takarda, da zarar duniya ta gani ya daina zama sabo a idon dokar Najeriya. A Najeriya ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, kuma bisa dokar 1970 takardu kawai suke dubawa ko sun cika, basa tona ko wani ya riga ka, shi ya sa wani zai iya zuwa kotu daga baya ya rushe maka shaidar. A Amurka kuwa mai binciken sai ya tono tsofaffin rajista ya gwada da taka, kuma kekuna masu ɗagawa da kishingiɗa sun daɗe a can, to abin da za ka kare shi ne dabarar taka, yadda ka haɗa jak ɗin da hinji, ko abin da ke hana keken kifewa in kujera ta tashi. Wannan za ka rubuta dalla-dalla da zane.

Ka leƙa Google Patents, shafin intanet na neman tsofaffin rajistar ƙirƙira, kyauta ne, sannan ka tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnatin Najeriya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, suna taimaka wa masu ƙirƙira. A Najeriya shekara 20 kariyar take yi in kana biyan kuɗin shekara-shekara.